Malami Biyu, Kundi Ɗaya: Ina Ɗalibi Zai Sa Kansa?

Duk wanda ya saba bin Titin Yakubu Gowon ko Titin Rabah cikin Kaduna da hantsi ba zai rasa ganinsu ba. Maza ne da mata rungume da jakunkunan takardu, waɗansu samari, waɗansu kuwa furfura ta riga ta keto musu, suna shiga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa ko kuwa Gidan Arewa. Waɗannan su ne ɗaliban manyan digirori, watau masu neman digiri na biyu da na uku, kuma da yawa daga cikinsu ma'aikatan gwamnati ne da malaman makarantu waɗanda suka ɗauki hutun ƙaro ilimi. In aka tsayar da ɗayansu aka tambaye shi abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, sau da yawa ba zai fara da kuɗin makaranta ko tsadar takarda ba. Abin da zai ce shi ne malamansa biyu ne, kuma kowanne da inda ya nuna masa.

Ga yadda abin yakan kasance. Ɗalibi ya gama babi na biyu, ya kai wa shugaban kwamitin da ke duba aikinsa. Malam ya riƙe babin wata guda, sa'an nan ya dawo da shi jawur da biro, ya ce an cika surutu, a rage shafi goma. Ɗalibi ya rage, ya kai wa malami na biyu. Shi kuma ya duba ya ce babin ya rame, ina bayanin kaza da kaza, a koma a ƙaro. Abin da aka ce a ƙaro kuwa shi ne daidai abin da na farko ya soke. Gaba kura, baya siyaki. A haka zango yakan wuce, shekara ta bi bayansa, kundi yana nan tsaye a babi na biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙorafin 'yan makaranta ne kawai. Ma'aikacin da aka ba hutun karatu yana da wa'adi, in wa'adin ya cika dole ya koma bakin aiki ko ya nemi ƙari, ƙarin kuwa ba kullum ake samunsa ba. Kowace shekarar da ta hau sai ya sabunta rajista da kuɗin aljihunsa, alhali ga iyali ga haya. A galibin jami'o'in ƙasar nan lakcara ba ya hawa matsayin babban lakcara sai da digiri na uku, saboda haka jinkirin kundi jinkirin ƙarin girma ne. Waɗanda asusun TETFund ya ɗauki nauyinsu kuwa, kuɗin jama'a ne ake kashewa a kansu, kuma jama'a na da hakkin ganin amfaninsa a kan kari. Daɗin daɗawa, yajin aikin malaman jami'a ya cinye kimanin wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Ɗalibin da ya yi wannan asara ba shi da sauran watannin da zai zubar wajen safa da marwa tsakanin ofis biyu.

Kaduna tana cikin garuruwan da maganar ta fi shafa, domin a arewacin kogin nan an tara gidajen bincike da dama. Akwai Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, da mazauninta a Titin Tafawa Balewa. Akwai Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wadda aka buɗe a 1964, ta soma karatun digiri a 1985, daga baya kuma ta buɗe makarantar manyan digirori da ke karɓar har da farar hula. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a hannun Furofesa Abdullahi Smith, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Cibiyar Binciken Ciwon Sammore a Unguwar Rimi, wadda take nan tun zamanin Turawa, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Zariya kuwa kimanin kilomita 80 ce kacal. Saboda wannan kusanci, ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibi ya yi rajista a wuri ɗaya, malaminsa na biyu yana wata cibiya dabam, mai horo dabam da al'adar aiki dabam. Malaman biyu za su iya shekara ba su haɗu ba, ɗalibin ne kaɗai igiyar da ta haɗa su.

DON ME AKE HAƊA MALAMI BIYU?

Waɗansu da abin ya ishe su sukan ce a koma ga malami ɗaya a huta. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Jami'o'i suna da dalilai masu ƙarfi na haɗa malamai biyu ko uku a kan kundi guda. Malami yakan tafi hutun shekara, ko a ba shi muƙami a Abuja, ko ya kwanta jinya, ko Allah ya yi masa rasuwa, to in shi kaɗai ne ya san aikin, ɗalibi ya zama maraya. Sa'an nan bincike da yawa yakan tsallaka fanni fiye da ɗaya. Mai nazarin ciwon sammore a cikin shanun makiyaya yana bukatar masanin ƙwayar cutar, yana kuma bukatar masanin ƙididdiga. Har ila yau malami na biyu garkuwa ne, domin inda mutum ɗaya ne ke da wuƙa da nama a kan makomar ɗalibi, zalunci yana da sauƙin shiga. Ta nan ne kuma ƙaramin malami yake koyon duba aiki a gefen babba.

Ba Nijeriya kaɗai ke bin wannan tsari ba. A Amurka kwamiti ne ke duba kundin dokta, da shugabansa. A Ingila hukumar da ke lura da ingancin karatun jami'o'i ta fitar da ƙa'ida a 2004 wadda ta ƙarfafa a riƙa ba ɗalibi rukunin masu dubawa, amma ta gindaya cewa lalle a bayyana ɗaya daga cikinsu a matsayin babban mai dubawa, wanda ɗalibi ya san shi ne madogara. Wannan sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi yin rauni a wurare da yawa a nan gida. An ɗauki yawan malamai, an bar tsarin da zai sa bakinsu ya zo ɗaya kafin ya isa kunnen ɗalibi.

SAƁANIN MALAMAI TSOHON ABU NE

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sa a ransa shi ne, saɓanin masana ba alamar lalacewar ilimi ba ce. A ɗauki littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Murray Last ya rubuta a 1980 cewa an fara harhaɗa shi ne wajen tsakiyar ƙarni na 17, aka riƙa ƙara masa daga baya. John Hunwick kuwa ya zo a 1994 ya kawo hujjojinsa cewa aikin mutum ɗaya ne a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma jingina shi ga Ɗan Rimi Malam Barka na zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello. Dukansu biyu manyan masana ne, kowanne ya daɗe yana aiki a kan rubuce-rubucen ƙasar nan. Ɗalibin da aka ce su biyun za su duba masa kundi a kan sarakunan Kano ba zai tsira da bin ɗaya a ɓoye ba. Mafitarsa ita ce ya shimfiɗa ra'ayoyin biyu a fili, ya auna hujjojinsu, ya faɗi inda ya tsaya da dalilinsa.

Shi kansa Murray Last misali ne na amfanin zama gaban malami fiye da ɗaya. Ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Ibadan a hannun Smith, ya gama a 1964, amma a Sakkwato a gaban Waziri Junaidu ya zauna ya karanta takardun gidan Waziri. Littafinsa a kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967 ya sha daga rijiyoyin nan biyu, ta jami'a da ta zaure.

In aka koma baya da nisa, labarin Mudawwana yana da darasi na musamman ga ɗalibin yau. Asad ɗan Furat ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya wuce Iraƙi ya yi karatu a wajen almajiran Abu Hanifa, sa'an nan ya zo Masar ya jera wa Ibnul Ƙasim tambayoyi, ya rubuta amsoshin ya koma da su Ƙairawan. Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 854, ya ɗauki kwafin wannan rubutu ya koma da shi gaban Ibnul Ƙasim, ya karanta masa mas'ala bayan mas'ala. Malamin ya gyara wurare da dama, ya janye waɗansu amsoshin da ya ba da tun farko. Kwafin Sahnun da aka sake tacewa shi ne ya zama Mudawwana da ake karantawa har yau a zaurukan Kano da Zariya da Katsina. Abin lura a nan shi ne, ko malami ɗaya ma yakan saɓa wa maganarsa ta jiya, kuma abin da ya raba gardamar shi ne rubutu da aka mayar gabansa ya gani da idonsa.

Haka kuma sanin kowa ne cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa Malam Jibril ɗan Umar a kan hukuncin mai aikata manyan laifuffuka. Ya rubuta saɓanin a littafi, da hujja, bai kuma daina girmama malamin da yaba masa ba har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya ce al'adar ƙasar nan ta hana almajiri ya yi wa malami bayanin inda ya ga dabam, to bai karanta tarihin malaman ƙasar nan ba. Abin da al'ada ta hana shi ne rashin ladabi.

SAƁANI IRI UKU

Kafin ɗalibi ya ɗaga ƙafa, kamata ya yi ya tantance irin saɓanin da ke gabansa, domin kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne saɓani a kan siffar kundi: jerin babi-babi, tazarar layi, yadda ake rubuta manazarta. Alal misali, tsarin rubuta manazarta da aka fi sani da APA ya fito da bugu na bakwai a 2019, inda aka daina rubuta sunan garin da aka buga littafi. Malamin da ya saba da bugu na shida zai mayar da sunan garin da jan biro, wanda ya koma na bakwai zai soke shi. Irin wannan ba ya bukatar taro. Makarantar manyan digirori tana da littafin ƙa'idojinta, shi ne alƙali. Ɗalibi ya buɗe shafin, ya nuna wa duka biyun cikin ladabi, magana ta ƙare. Abin takaici, ɗalibai da yawa sukan kai ranar kare kundi ba su taɓa karanta wannan littafi daga farko zuwa ƙarshe ba.

Na biyu shi ne saɓani a kan hanyar bincike da nauyin hujja. Wani lokaci ƙarami ne. Ɗalibin da ke nazarin ma'aikata 1,000 yana son sanin mutum nawa zai raba wa takardar tambayoyi. Malami ɗaya ya ce a bi ƙa'idar Taro Yamane ta 1967, wadda za ta ba da mutum 286. Ɗayan ya ce a bi jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda zai ba da 278. Bambancin mutum takwas ne. Ɗalibin da ya yi lissafin nan biyu ya ajiye su gefe da gefe, ya kuma ce zai raba wa adadin da ya fi yawa, ya gamsar da kowa cikin minti biyar.

Wani lokaci kuwa saɓanin yana da zurfi. Mai nazarin haraji a Lardin Zazzau a zamanin Turawa zai tarar da rahotannin Razdan da na Di'o jibge a ma'ajiyar Titin Yakubu Gowon. Malami ɗaya ya ce waɗannan su ne ginshiƙi, tunda rubutattu ne masu kwanan wata da adadi. Ɗayan ya ce maganar mai mulki ce a kan wanda ake mulka, a tafi ƙauye a ji ta bakin dattawa. A nan saɓanin shi kansa kayan aiki ne. Sashen Tarihi na Zariya ya yi suna ne a kan wannan tambaya. Yusufu Bala Usman, wanda ya gama kundinsa na dokta a kan Katsina a 1974, ya dage a kan cewa kowace majiya sai an tuhume ta, an san wanda ya rubuta ta da abin da yake nema. Mahmud Modibbo Tukur ya gina kundinsa na 1979 a kan sake karanta takardun Turawan mulkin mallaka da wannan ido. Ɗalibin da malamansa suka rabu a nan ya samu abin rubutawa ke nan a babin hanyoyin bincike, watau ya nuna abin da kowace majiya za ta iya tabbatarwa da abin da ba za ta iya ba. Kundin da ya bi ta wannan matsi yakan fi wanda bai taɓa haɗuwa da gardama ba ƙarfi a gaban mai jarrabawa.

Na uku shi ne wanda ba a so a faɗa, watau saɓanin da bai shafi kundi ba ko kaɗan. Malamai biyu sun taɓa neman shugabancin sashe tare, ko ɗaya yana zargin ɗayan da tare masa ƙarin girma, sai takardar ɗalibi ta zama filin dambe. Alamarsa ba ta ɓuya. Malami yakan fara neman rubutun hannun abokin aikinsa a gefen shafi kafin ya karanta abin da ɗalibi ya rubuta, kuma gyaran yakan canza duk lokacin da aka bi shi. Wannan ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma ba aikinsa ba ne ya sasanta manya. Aikin jami'in kula da manyan digirori na sashen ne, da shugaban sashe, in ta ƙi kuma shugaban makarantar manyan digirori.

ABIN DA ƊALIBI ZAI YI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watan farko da aka naɗa masa kwamiti, ɗalibi ya nemi sanin wane ne shugaba, wa ke da alhakin wane ɓangare, kuma ta wace hanya babi zai riƙa tafiya, ko a kai wa duka biyun lokaci guda, ko a fara da ɗaya. Tambaya ce mai sauƙi a lokacin da ba a yi saɓani ba tukuna, tana kuma zama mai nauyi bayan an yi.

Sa'an nan ya lizimci rubutu. Duk ranar da ya fito daga ofishin malami, kafin ya kwanta ya rubuta taƙaitaccen bayanin abin da aka ce ya yi, layi biyar ko shida, ya aika wa malaman biyu a saƙo guda, ko ta imel ko ta waya. Wannan kaɗai yakan kashe kashi mai yawa na rigimar, domin sau da yawa babu saɓanin ma. Malami ya ce a taƙaita, ɗalibi ya ji a cire. Ko kuwa malamin da ke duba ɗalibai da yawa ya manta abin da ya faɗa watanni uku baya. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin wannan, tunda a ofis ba a aiki da abin da ba a shigar cikin fayil ba.

In saɓanin ya tabbata, ɗalibi ya zana jadawali mai gida huɗu: lambar shafi, abin da malami na farko ya ce, abin da na biyu ya ce, da abin da shi ɗalibin yake ganin ya dace tare da dalilinsa. Gida na huɗun nan shi ne mafi muhimmanci. Ɗalibin da ya zo da tambayar wa zan bi ya jefa malamai cikin gasar girma, kuma babu wanda zai so a ce shi aka kayar. Wanda ya zo da shawara kuwa ya ba su abin da za su duba tare. Yana iya cewa: "Allah ya gafarta Malam, a shafi na 40 an ce a cire bayanin nan, Dokta kuma ya ga a bar shi saboda babi na huɗu ya dogara a kansa. Abin da na gani shi ne a taƙaita shi zuwa shafi biyu, sauran a mayar da shi rataye. In Malam ya amince, ina roƙon a samu minti ashirin a zauna tare da Dokta." Babu malamin kirki da zai ji wannan ya ce an raina shi. In ɗaya yana Zariya ɗaya yana Mando, waya ta isa ta haɗa su.

Dalilin da ya sa dole ɗalibi ya zama mai matsayi shi ne ranar kare kundi. A ranar mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a, ya buɗe shafi ya tambayi dalilin da ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan. Sunan ɗalibi ne a bangon kundin, shi za a tambaya. Amsar "Malam ne ya ce" ba ta fid da kowa a wannan zaure.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata ya guje musu kamar wuta. Kada ya yi kwafi biyu, kowane malami da nasa, domin ranar sa hannu kwafi ɗaya ne zai hau tebur, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Kada ya zama mai kai gulma, ya je wajen wannan ya ce wancan ya ce aikinka ba daidai ba ne. Malaman nan za su ci gaba da zama a sashe ɗaya shekaru bayan ya tafi, ranar da suka shirya kuwa shi ne zai zama abin zargi. Kada ya yi watsi da ƙaramin malami don ganin babba ne mai iko, domin sa hannun duka biyun ake bukata, sau da yawa kuma ƙaramin ne ya fi kusa da sababbin rubuce-rubucen fannin. Mafi muni duka shi ne ɓacewa, ɗalibi ya ji haushi ya daina zuwa wata shida. Agogon wa'adi ba ya tsayawa don wani ya yi fushi.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMOMI

To amma fa zalunci ne a ɗora wa ɗalibi kayan duka. Shi ne mafi rauni a cikin mutum ukun, kuma ba shi ya haɗa kwamitin ba. Saboda haka makarantun manyan digirori da ke Kaduna da Zariya, da sauran na ƙasar nan, ya kamata kowacce ta duba littafin ƙa'idojinta ta tabbata waɗannan abubuwa suna ciki, ana kuma aiki da su.

A rubuta ƙarara cewa in an yi saɓani a kan hanyar bincike, malaman su fara daidaitawa a tsakaninsu kafin a mayar wa ɗalibi da babi, in sun kasa kuma maganar shugaban kwamiti ce za a bi don aiki ya ci gaba. A wajabta zama na mutum uku aƙalla sau ɗaya a kowane zango, da takardar da kowa zai sa wa hannu a ajiye a sashe. A yanka wa'adin da malami zai riƙe babi. A tuntuɓi malamai kafin a haɗa su a kwamiti ɗaya, domin shugaban sashe ya san waɗanda ba sa ga maciji da juna. A kuma buɗe hanyar neman canjin mai dubawa wadda ɗalibi zai bi ba tare da tsoron a rama a kansa a ɗakin jarrabawa ba. Su ma ma'aikatun da ke ba da hutun karatu suna da abin yi. In suka riƙa neman rahoton ci gaban aiki mai ɗauke da sa hannun malaman biyu a kowace shekara, sun tilasta zaman da ɗalibi yake jin nauyin roƙa.

Za a iya cewa ba shugaban kwamiti kalmar ƙarshe zai danne ƙaramin malami, alhali watakila shi ne mai gaskiya. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a shigar da ra'ayin da aka bari cikin takardar zaman, a kuma umurci ɗalibi ya kawo shi a cikin kundi ya amsa shi, yadda mai jarrabawa daga waje zai gan shi ya yi nasa hukunci. Ta haka aiki bai tsaya ba, ra'ayin kuma bai ɓace ba.

Akwai kuma masu cewa su ma haka suka sha, wuya ita ce ke gasa ɗalibi. Lalle bincike yana da wahalar da ba makawa sai an sha ta: zaman ma'ajiya ana buɗe fayil bayan fayil, bin rugage da damina don ɗibar jinin shanu, sake rubuta babi sau huɗu har hujja ta tsaya da ƙafarta. Wannan wahala tana ƙara ilimi. Amma watannin da aka kashe ana cire sakin layi ana mayar da shi don manya biyu sun ƙi ɗaga waya su yi magana, babu abin da suka koya wa kowa. Wanda aka horar a haka, gobe in ya zama malami abin da zai yi wa na bayansa ke nan.

Saboda haka ana kira ga shugabannin makarantun manyan digirori da su sa wannan magana a ajandar zamansu na gaba, ga malamai da su riƙa tuntuɓar juna kafin su ɗauki jan biro, ga ɗalibai kuma, musamman ma'aikatan da wa'adin hutunsu ke tafiya, da su buɗe littafin ƙa'idojin makarantarsu a makon nan, su rubuta jadawalin gyare-gyarensu, su nemi ranar zama da malamansu biyu a ɗaki ɗaya. Allah ya sa a gama lafiya.